David Driskell: Zanen Ɗab'i da Ma'aunin Kasuwar Gwanjo

David C. Driskell (1931-2020) ya zauna a Hyattsville, cikin gundumar Prince George's ta jihar Maryland, inda garin Largo yake. Ya koyar a jami'o'in Howard da Fisk, sannan a Jami'ar Maryland daga 1977 zuwa 1998. Baje kolin da ya shirya a Los Angeles a 1976, kan ƙarni biyu na fasahar baƙaƙen fatar Amurka, shi ya ɗaukaka sunansa. Sai dai malantar ta daɗe tana danne sunansa na mai zane.

Abin ya fi shafar zanensa na ɗab'i, wanda ake sassaƙa siffa a kan katako, a shafa tawada, a danna takarda, a fitar da kwafi da dama. A ganin wannan nazari, a nan ne hannunsa ya fi nuna, domin wuƙa ba ta barin gyara. Bishiyoyinsa da fuskokin da ya aro daga sassaƙar Afirka sun fi fitowa da ƙarfi a baƙi da fari.

Kasuwa kuwa ma'auninta daban ne. Ko bayan da gidan gwanjo na Swann a New York ya fara keɓe wa ayyukan baƙaƙen fata ciniki a 2007, zanen fenti, wanda ba shi da na biyu, ya fi na ɗab'i tsada. Farashin yana auna ƙarancin abu ne. Mai nazarin da ya bi shi zai tsallake ɓangaren aikin Driskell da ya fi isa hannun ɗalibai da masu ƙaramin ƙarfi.