SHARHI: Tukunyar Kufai A Hannun Marubutanmu

Duk wanda ya zauna hira da dattawa a ƙasar Rano da Kibiya, ko ma wani sashe na ƙasar Hausa, da wuya a tashi bai ji labarin tukunyar dukiya ba. Ana cewa tana binne a kufai, ko a gindin kuka, ko cikin kogon dutse, maciji ko aljani na gadinta. Wanda ba rabonsa ba ne in ya haƙa sai ta ƙara nutsewa, in kuwa ya matsa ya buɗe sai ya tarar da gawayi. Marubutan ƙagaggun labarai sun daɗe suna ɗiba daga wannan rijiya, musamman a littattafan jarumta da na soyayya. Abin da ya dame ni shi ne yadda ake ɗibar.

Ga yadda akasari yake zuwa. Saurayi talaka ne, iyayen yarinya sun ƙi shi, marubuci ya kai shafi na tamanin bai san yadda zai yi da shi ba. Sai a tura shi daji, ya kashe aljani mai kai bakwai, ya dawo da akwatin zinariya da lu'ulu'u, washegari a ɗaura aure. Wannan akwati ba namu ba ne. Daga Dare Dubu Da Ɗaya da finafinan Indiya aka aro shi, aron ma ba a iya ba. Dukiyar ba ta da mai ita, ba a san wanda ya binne ta ba, balle tsoron da ya sa ya binne.

Alhali labarin da ke bakin mutanenmu a kan haƙƙi ya ginu, domin kuwa daga karatun zaure ya samo saiwa. A Suratul Kahfi, aya ta 82, bangon da bawan Allah ya tayar a gaban Annabi Musa (AS) dukiyar marayu biyu ce a ƙarƙashinsa, an kiyaye ta ne har su girma saboda mahaifinsu salihi ne. A Suratul Ƙasas kuwa ga Ƙaruna, wanda mabuɗan taskokinsa kaɗai suke yi wa ƙarfafan maza nauyi, ƙasa ta haɗiye shi da gidansa. Tukunyar da ke jiran mai rabo da wadda ke nutsewa, ai 'ya'yan waɗannan ƙissoshi biyu ne. Fiƙihu ma bai bar zancen ba. Abin da aka haƙo na mutanen da suka gabaci Musulunci, shi ne rikazi, ana fitar da kashi ɗaya cikin biyar, kamar yadda ya zo a Muwaɗɗa ta Imamu Malik. In kuwa akwai alamar na Musulmi ne, hukuncin tsintuwa ya hau kansa, sai an yi cigiya shekara guda.

To, ɗan'uwa marubuci, dubi irin labarin da kake zubarwa! Manomi a ƙauyen Kibiya ya ci karo da tukunya yana huɗa a gonar aro. Tasa ce, ko ta mai gona, ko ta jikokin waɗanda suka tashi daga kufan? Zai gaya wa mai unguwa? Zai gaya wa matarsa? Liman ya ce a yi cigiya, bashi kuma ya sha masa kai. Babu aljani ko ɗaya a nan, amma mai karatu ba zai ajiye littafin ba.

Sannan tarihi. Rano ɗaya ce daga Hausa Bakwai, ita da Kano ake kira sarakunan baba a labarin Bayajida, wato ƙasar rini da fatauci. A rabin ƙarshe na ƙarni na 19 Ningawa sun addabi kudancin Kano da hare-hare. Aka yi Yaƙin Basasa daga 1893 zuwa 1895. A 1903 rundunar Turawa ta fasa Bebeji, maƙwabciyar Rano, a kan hanyarta ta cin Kano. Kowane ɗaya daga waɗannan dalili ne da zai sa marini ya haƙa rami da tsakar dare, ya gudu da niyyar dawowa, bai dawo ba. Ban ga abin da zai sa a tsallake wannan a tafi wani birnin aljanu da ba wanda ya san hanyarsa ba.

Me ma zai binne? Wuri. Lokacin da Barth ya zo Kano a 1851, wuri 2,500 ne dala ɗaya, ke nan keso guda mai wuri 20,000 dala 8 ne kacal. Bayan zuwan Turawa sule da kwabo suka kore shi daga kasuwa. Wanda ya sayar da akuyarsa ya biya boka, ya haƙa dare uku, ya fito da arzikin kakan kakansa cike da tukunya, ko ƙosai ba zai saya da shi ba. Ina jin gawayin nan da dattawa ke faɗi ba shi da nisa da wannan.

Kada a ce ina hana almara. Abubakar Imam ya cika Ruwan Bagaja (1934) da aljanu da ƙarya mai daɗi, amma abin da muke tunawa shi ne karon Alhaji Imam da Malam Zurƙe, wato halin ɗan Adam a kan hanya. Ruwan kansa shafuka kaɗan ya ci.

Akwai kuma abin da ya fi salo nauyi. 'Yan damfara na cin kasuwa da wannan imani: a ce wa mutum akwai dukiya a ƙarƙashin ɗakinsa, ya kawo kuɗin turare da baƙin bunsuru. Littafin da ya nuna akwatin zinariya na fitowa da zarar an yi yanka, talla ya yi musu kyauta.