Jinjina ga Ma'aikatan Jinya na Asibitin Ƙwaƙwalwa

Sau da yawa a ɗaure ake kawo mai taɓin hankali asibiti, dangi sun gaji, shi kuwa yana rantsuwa lafiyarsa ƙalau. Ma'aikacin jinya a asibitin Dawanau, ko Barnawa, ko Kware, shi zai fara tarbarsa, ya lallaba a kwance igiyar, ya ce, "Sannu Malam, zauna ka huta." Wannan sannun ba ƙaramin abu ba ne ga mutumin da unguwa ta daina gaisarwa.

Ma'aikatan jinyar kan sha zagi, wani lokacin har mari, su haɗiye. Dare ya raba suna zagaye, suna lura da wanda ya ƙi abinci da wanda ya ɓoye ƙwaya ƙarƙashin harshe. Ko da ba da son ransa aka kwantar da majinyaci ba, nagarinsu sai ya yi masa bayanin maganin, ya kuma rufa masa asiri.

A Janairun 2023 Shugaba Buhari ya sa hannu kan Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin ta 1958, ta gindaya sharuɗɗa kafin a tsare majinyaci ba da yardarsa ba. Waɗannan bayin Allah ke aiwatar da ita a bakin gado, ga ƙarancin ma'aikata, ga majinyata cike da ɗaki.