Gafiyar Fadama da Aljanin Littafi

Tun daga gasar da Dokta East ya shirya a 1933, wadda ta haifi Ruwan Bagaja da Ganɗoki, har zuwa littattafan da Kamfanin Gaskiya ya riƙa bugawa a Tudun Wada bayan kafa shi a 1945, marubucin Hausa in yana neman abin tsoro, yawanci aljani ya kan kira. Aljani kuwa ba shi da wuyar rubutu, don ba mai ƙaryata marubuci a kan kamanninsa. Nan rauninsa ya ke. Dodon tatsuniya ma haka ne, kowace tsohuwa da irin nata. Gizo shi ne ya zauna daram a zukata, don an ba shi hali: kwaɗayi, da wayo, da tsamin baki.

To, a ce wani marubuci ya bar aljani, ya ɗauki gafiya, ya mai da ta kamar bijimi, ya ajiye ta cikin fadama. Girman kaɗai ba zai fisshe shi ba. A fadamun Amurka ta Kudu akwai kafibara, dangin ɓera ce, ta kan kai kilo 50. A 2008 kuma masana suka bayyana ƙoƙon kan wata da ta ƙare tun da daɗewa a ƙasar Urugwai, suka kimanta nauyinta wajen tan guda. Watau wanda ya tsaya ga girma bai ƙago kome ba.

Aikin yana wajen hali. Gafiya da dare ta ke yawo, kumatunta kamar jaka, tarawa ta ke yi fiye da cinta, shi ya sa a kan ce gafiya tsira da na bakinki. Haƙoranta na gaba ba su daina tsiro, tilas ta yi ta gaigaya. In aka bar wa ƙatuwar waɗannan halaye, mai rake a bakin Kubanni zai kwana da gona ya tashi da fili, rumbu ya wayi gari ba gindi, raminta ya kai katanga ƙasa da damina.

Wannan tsoro ne da yaron Tudun Wada ya san warinsa, don ya taɓa haƙar gafiya. Aljani ya kan ɓace da an rufe littafi. Amma wanda ya karanta labarin gafiyar nan, in ya ji motsi bayan rumbu da tsakad dare, lalle sai ya ɗauki fitila.