Ɗakunan Karatu na Firag: A Yaba Gini, A Manta da Littafi?

'Yan'uwa ɗalibai da malamai, duk wanda ya duba rubuce-rubucen da ake yi game da tsofaffin gine-ginen ƙasar Cek zai tarar yabo ɗaya ake ta maimaitawa: kyan zanen rufi, da adon zinariya, da sassaƙar katako. Ni a ganina wannan yabo ya gaza, domin ya bar tambayar da ta fi dacewa da ɗalibi, wato yaya aka yi littattafan suka taru a wurin?

Mu ɗauki Strahov, gidan ruhubanawan Kirista da aka kafa a birnin Firag a ƙarni na 12, mai littattafai wajen 200,000. Kantocin da suka ƙawata babban zaurensa na falsafa daga gidan ibada na Louka aka kwaso su, bayan Sarki Yusufu na Biyu ya rufe shi a 1784. Wato faɗuwar wani ce ta zama tashin wani. A 1950 kuma gwamnatin kwaminis ta kori masu gidan, ba su dawo ba sai bayan 1989.

Haka Klementinum, mazaunin ɗarikar Jesuit daga 1556 zuwa 1773, wanda aka buɗe shahararren zauren littattafansa a 1722. Ɗan wannan ɗarika ne, Antonin Koniash, ya wallafa jerin haramtattun littattafai a 1729, ya kuma ƙona dubbai. Ashe masu adanawa su ne masu ƙonawa. Ita ma fadar Firag ba ta tsira ba: a 1648 sojan Suwidin suka washe ta, suka tafi da katafaren littafin nan Codex Gigas, wanda har yau yana Stockholm.

Ba ina cewa kada a yaba gwanintar magina ba. Kuma gaskiya ne hana baƙi wuce bakin ƙofar waɗannan zaure yana kare tsohuwar takarda daga lalacewa. Amma mai kallo daga ƙofa bayan littafi kawai yake gani, kuma marubucin da ya tsaya a nan bai fi shi da kome ba.

Saboda haka ina kira ga masu sharhi a cikinmu: in za mu yi magana a kan ɗakin karatu, mu tambayi wanda ya tara, da wanda aka ƙwace wa, da abin da aka hana shiga. Allah ya sa mu dace, amin.