Sharhi kan Rage Maki a Tambayoyin Zaɓi

Masu goyon bayan rage maki suna cewa yana hana ɗalibai canki-canka, amma lissafi bai tabbatar da haka ba. A tambaya mai zaɓi 4, idan amsa daidai tana da maki 1, kuskure kuma yana jawo asarar 1/3, wanda ya canka ido rufe, a jimlace, ba riba ba faɗuwa. Da zarar ya iya kawar da zaɓi ɗaya kuwa, a tambayoyi 9 ana sa ran ya dace da 3, kurakurai 6 su ci masa maki 2, ya tsira da 1.

A jarrabawar Hausa wannan kawarwa ba ta da wuya. Idan aka tambayi jam'in "doki", "dokoki" na iya ruɗar ɗalibi, amma "dokina" ba ya ruɗar kowa. Saboda haka wanda tsarin yake cutarwa shi ne ɗalibi mai ɗari-ɗari, wanda ya san rabin amsa ya bar gurbin. Jarrabawar SAT ta Amurka ta daina rage 1/4 a 2016. A ganinmu, zaɓuɓɓukan da malamai ke tsarawa su ne ke bukatar gyara.