Kowa Ya Ci Zomo Ya Ci Gudu: Ɗan Sharhi a Kan Littafin Ganɗoki

Na fara karanta Ganɗoki tun ina makarantar sakandare a Wudil, kuma a lokacin ba abin da ya ɗauke mini hankali sai kirari da sara da suka. A hutun da ya wuce na sake karanta shi a gida Kausani, sai wata tambaya ta tsaya mini a rai, watau, shin ƙasar da ta fi kowace ƙarfi a duniya riba kaɗai take ci, ko kuwa ita ma akwai abin da take biya?

Kamar yadda masu karatu suka sani, Malam Bello Kagara, yayan Abubakar Imam, shi ya rubuta littafin nan don gasar da Rupert East ya shirya a 1933, aka buga shi a 1934. Labarin kashi biyu ne. A na farko Ganɗoki ya kara da Turawan Ingila. A na biyu ya yi gabas da ɗansa Garba Gagare, ya yi ta yaƙi da aljannu da arna, daga bisani ya komo gida ya tarar ƙasa ta kwanta a hannun Turawa.

Ta wajen nuna ribar ƙarfi, Malam Bello ya yi ƙoƙari ƙwarai. Mai karatu zai ga yadda takobi da sulke suka kasa yin kome gaban bindiga mai ruwa. Haka kuwa abin ya auku: Bida da Kwantagora suka faɗi a 1901, Kano da Sakkwato da Burmi a 1903. Daga nan haraji da jangali suka koma ƙarƙashin ikon Turawa, jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, gyaɗar da kakanninmu suka noma ta yi ta tafiya Ingila bisa farashin da mai saye ya yanka.

To, amma a nan littafin ya tsaya, kuma nan ne nake ganin gazawarsa. Ya nuna mana mai cin zomo, ya ɓoye mana gudun. Lalle marubucin yana da uzuri, don malamin makaranta ne a ƙarƙashin Turawan, kuma Bature ne zai duba aikin kafin a buga. Bugu da ƙari, a 1933 ba mai tsammanin rana za ta faɗi wa Ingila.

Sai ga shi shekara shida kacal bayan haka Yaƙin Hitila ya ɓarke, Ingila ta tarar mulkin da ta shimfiɗa ya fi ƙarfin 'ya'yanta su tsare. Dole ta ɗebi samari daga ƙasashenmu, ta zuba su cikin runduna ta 81 da ta 82, ta kai su dajin Bama su yaƙi Japan. Kakan mahaifina yana cikinsu. Kakata ta ce ya dawo da lambar yabo da tari, tarin kuwa shi ya zama ajalinsa. Kun ga ashe mai ƙarfi ba shi kaɗai yake yin gudun ba, yakan ɗora wa na ƙasa da shi rabonsu.

Ita kanta Ingila ta ci yaƙi, amma ta fito aljihu ƙwalam. A 1946 ta karɓi rancen dala miliyan 3,750 daga Amurka, ba ta gama biya ba sai Disamba 2006. Indiya ta kuɓuce mata a 1947, Amurka ta tilasta mata janyewa daga Suwez a 1956, mu kuma muka sami mulkin kai a 1960.

Duk da haka, ina ganin akwai gaskiyar da ta sulale cikin kashi na biyu, ko marubucin ya nufa ko bai nufa ba. Da Ganɗoki ya je inda ya fi kowa ƙarfi, abin da aka yi masa a gida shi ya yi wa wasu. Kuma a lura, bai huta ba. Kowace nasara wani yaƙin take haifar masa. To, wannan ita ce ƙaddarar babbar ƙasa.

Waɗanda suka gaji Ingila ma haka. Tarayyar Sobiyet ta shiga Afganistan a 1979, ta fita a 1989, ta wargaje a 1991. Amurka tana cin moriyar dala, har ɗan tireda a kasuwar Wudil yakan ji a jikinsa in ta tashi. Amma ta yi shekara 20 a Afganistan ɗin nan ta fita a 2021 ba biyan bukata, a 2024 kuma ta kwashe sojojinta daga Agadas bayan Nijar ta ce su tashi.

Saboda haka shawarata ga 'yan'uwa ɗalibai ita ce, mu ci gaba da karanta Ganɗoki don daɗin Hausarsa, amma mu riƙa tambayar abin da bai faɗa ba. Ga masu sha'awar rubutu kuma, labarin sojan Bama yana nan yana jiran mai alƙalami, tun kafin tsofaffin da suka ji shi daga bakin masu shi su ƙare.

Haza wasalam.