Jinjina ga Matan Masanawa Masu Langar Sallah

Da azumi ya kai 27, ƙamshin suya sai ya cika lungunan Masanawa. Wata na yanka cincin, wata ta kwaɓa alkaki ta bar shi ya kwana, gari na wayewa ta murza, ta soya, ta tsoma a ruwan sukari. Nakiya kuwa sai mai haƙuri: shinkafa da citta da kanumfari, a yi ta daka har kafaɗa ta gaji.

Ran Sallah yara kan bi gida-gida da langa. "Gwaggo, ga shi in ji Inna." Langar ba ta komawa fanko, ɗan aike ma da tukwicinsa. Ko fulawa ta yi tsada, matan nan ba sa tsallake ƙofar marayu. Sannunku da aiki, iyayenmu.